Maɓallan Likitan Bango

A unguwarsu ba mai kiransa Injiniya, ko da yake takardar tana nan rataye a falonsa cikin gilashi. Likitan Bango suke ce masa, yaro da babba, kuma shi ya jawo wa kansa. Mutum ne da ba ya iya wuce bango bai dube shi ba. Kana ba shi labarin ciwon bayan da ya hana ka sakat, shi kuwa idonsa na can kusurwar tagarka. In ka gama sai ya ce Allah ya sawwaƙe, ya ɗan yi jim don kada a ce bai damu ba, sannan ya tambaye ka tun yaushe wannan tsagar ta fito. Da farko mutane sun ji haushi. Daga baya suka gane haka Allah ya yi shi, suka laƙaba masa suna suka huta.

Laifin ba nasa ba ne shi kaɗai, har da ƙasar da aka haife shi a kanta. Unguwar tasu a kan baƙar laka take zaune, irin wadda in ta sha ruwan damina take kumbura, in rani ya yi ta motse ta dare. Gida kuwa abin da ƙasa ta yi shi yake bi. Da zafi ya kankama sai ka ga bango ya buɗe baki daga kusurwar taga ya nufi rufi, ƙofa ta ƙi rufuwa sai an sa mata kafaɗa. Ruwa na sauka komai ya koma kamar ba a yi ba. Mutanen unguwar sun saba da abin, yadda ake sabawa da maƙwabci mai tari. Mai hali ya kira magini ya shafe, mara hali ya rataya kalanda a wurin.

Iyayensu sun rasu yana ƙarami, yayarsa ce ta riƙe shi. Tela ce, kuma da keken ɗinkinta ta tura shi makaranta har jami'a. Har yau tana zaune a gidan da suka gada, har yau kuma Auta take kiransa, duk da furfurar da ta cika masa gemu. In ta ce Auta zo nan, zuwa yake yi, ko da a gaban 'ya'yansa ne. Bai taɓa ɗaga mata murya ba, kuma bai san ta inda ake farawa ba.

Digirinsa na farko da ƙyar ya fito, domin rabin yininsa a wuraren gini yake ƙarewa yana neman abin da zai rage wa Yaya nauyi, ya iso aji da siminti a farce da barci a ido. Sakamakon ya zo da rauni, irin wanda ake cewa an dai tsallake. Da shi ya sami aiki a ofishin duba gine-gine, ya zauna a teburi ɗaya kusa da taga shekara da shekaru. Matasa suka riƙa zuwa da digiri na biyu, su zauna kusa da shi na ɗan lokaci, sannan a ɗaga su zuwa bene na sama. Ba su da laifi, 'ya'yan kirki ne, har Baba suke ce masa, su karɓi jakarsa a matakala. Wannan ladabin nasu shi ya fi komai yi masa ciwo.

Sai da ya doshi hamsin ya ce shi ma zai nema. Matarsa ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Wato da ɗanka za ku riƙa rububin teburin karatu ke nan?" Amma ita ce ta goge masa rigar da ya sa ya je jami'ar. A can aka gaya masa gaskiya ba kwana-kwana: digirin bincike a fannin injiniyan gine-gine ba a shigarsa sai da sakamako mai ƙarfi a digirin farko, nasa kuwa bai kai ba. Ya koma gida. Shekara ta zagayo ya sake zuwa, aka sake karanta masa ƙa'idar nan dai. A wani zuwan ne wata ma'aikaciyar ofishin ta gaji da ganin fuskarsa, ta tausaya masa, ta ce akwai 'yar ƙofa a gefe. Wanda ya daɗe yana aiki a fannin ana iya duba lamarinsa, in ya rubuto abin da yake so ya bincika, kuma in wani malami ya yarda ya tsaya masa. Ta ƙara da cewa a sashen gaba ɗaya mutum ɗaya ce ta san harkar ƙasa da fandisho, wato tushen gini, kuma ba ta da sauƙi.

Farfesar tsohuwa ce 'yar firit mai dogara sanda, ofishinta cike da gwangwanayen ƙasa kala-kala har kan kujerar baƙi. Ba ta ce masa ya zauna ba, don ba wurin zaman.

"Me kake so ka sani?" ta tambaye shi.

"Ranki ya daɗe, digiri na biyu nake nema."

"Wannan abin da kake so ka samu ne, kowa ma yana so. Na ce me kake so ka sani?"

Duk maganganun da ya haddace a hanya suka gudu suka bar shi. Da ya rasa ta cewa sai ya ba ta labarin ƙofar ɗakin yayarsa, wadda take rufuwa lafiya lau da damina, da rani kuwa sai an yi kokawa da ita. Ya ce yana zargin da ruwan sama bai kwanta a gindin bango ba, da ƙasar ba ta sha ta ƙoshi haka ba, kuma abin da bai kumbura sosai ba ai ba zai motse sosai ba. Yana so ya san ko daɓen siminti mai gangara a kewayen gida, wanda ko talaka zai iya yi, zai rage tsagar.

Farfesa ta cire tabarau ta ajiye. "To, yanzu ka yi magana. Amma ka buɗe kunnenka da kyau. Wannan karatun ba aji, ba jarrabawar da za ka haddace ka amayar. Awo za ka kawo min wanda ba a taɓa yi ba, ka rubuta kundi a kansa, ka tsaya gaban kwamiti ka kare shi. In awon bai cika ba, ba kundi, in ba kundi ba digiri. Lokaci kuma a ƙayyade yake, in ya ƙare sunanka ake cirewa. Ni ma nawa ya kusa, ritaya na jirana a bakin ƙofa. Kai ne ɗalibina na ƙarshe, kada ka sa in tafi da haushi."

Ranar bai fara zuwa gidansa ba, wurin Yaya ya nufa. Ta tsayar da keke, ta yi kukanta ta share, sannan ta hau shi da faɗa a kan ya je gaban manya da wuyan riga a lanƙwashe.

Aikin kansa ba shi da wuyar faɗa. Ya zaɓi gidaje a layinsu da layin baya, ya roƙi izinin masu su. A kowace tsaga ya manna wasu ƙananan maɓallan ƙarfe guda biyu, ɗaya a wannan gefe ɗaya a wancan. Duk ƙarshen mako sai ya zo da wani ma'auni mai baki biyu, ya sa bakunan a ramin maɓallan, ya karanta tazarar da ke tsakaninsu. In bango ya buɗe tazarar ta ƙaru, in ya rufe ta ragu, ko da kaurin gashi ne. Lamarin duk yana ga zaman maɓalli a inda aka fara manna shi, domin in ya gusa, awon jiya da na yau sun daina gaisawa ke nan. Shirinsa shi ne ya auna shekara guda gidajen suna yadda suke, sannan kafin ruwa ya sauka ya yi wa rabinsu daɓe ya bar rabi, ya sake aunawa wata shekarar. Amsar tana can a wutsiyar rani na biyu, lokacin da zafi ya kai maƙura kuma kowace tsaga ta buɗe iyakar buɗewarta.

Tun a farko ya yi tuntuɓe. Gam ɗin da ya fara sawa bai jure rana ba, maɓallan suka riƙa faɗowa ana tsintar su a kwata, ranin farko ya tafi a banza. Ya nemi ƙarin lokaci, aka ba shi, aka ce shi ne na farko kuma shi ne na ƙarshe. Daga nan ya zama ba ya shiga gida ya fita bai roƙi matan gidan ba: "Don Allah a sa ido, kada maɓallin nan ya ɓata." Suka kuwa sa ido. Wata tsohuwa ma tsintsiya ta ajiye musamman don masu kai hannu wurin.

A nan ne, in za a faɗi gaskiya, ya yi wa kansa. Ya gaya musu kada maɓalli ya ɓata, bai taɓa zama ya gaya musu dalili ba. In an tambaye shi me yake yi, sai ya ce, "Awo ne kawai." Rowar magana gare shi tun yana yaro, ga kuma kunya. Gani yake in ya tsaya yana yi wa dattawan da suka san shi tun ba wando bayanin kumburin ƙasa, za a ce ya yi boko ya dawo yana musu iyayi. Su kuma da ba a ba su bayani ba, sai suka ƙirƙiro nasu, kuma nasun ba na wawaye ba ne: likita ai sai ya duba mara lafiya kafin ya ba da magani. Daɓen da ya yi wa wasu gidajen suka ɗauka shi ne allurar farko, suka zauna jiran sauran.

"Likita, ya mai jikin?" haka masu zaman bakin layi suke tare shi.

"Yana nan dai," ya ce, ya wuce.

Wanda ya fi kowa tsokanarsa shi ne Magini, maƙwabcin Yaya, abokin ƙwallonsa tun suna yara. Yakan tsaya da cokalin gininsa a hannu yana girgiza kai. "Kai dai Allah ya shirye ka. Abin da zan rufe kafin rana ta take, kai ka shekara kana yi masa zuru. Wannan wane irin karatu ne?" Likitan Bango ya yi murmushi, ya sa ma'auninsa a aljihu.

Da rani na biyu na sabon awon ya shigo, awon ya fara magana. Gidajen da aka yi wa daɓe suna buɗewa, amma a hankali, sauran kuwa sun fara wangale baki kamar kullum. Bambancin bai taka kara ya karya ba tukuna, amma yana nan. Mutumin da ba a saba jin muryarsa ba sai ga shi yana waƙa a banɗaki, har matarsa ta tambaye shi ko lafiya. Ya garzaya ya kai wa Farfesa labari.

"Ba girin-girin ba, ta yi mai," in ji ta. "Abin da ke hannunka yanzu alama ce, kwamiti zai ce dace ne. Bari zafi ya kai ƙarshe mu ga inda kowace tsaga za ta tsaya, wannan ne awon da zai ɗauki kundin. Kafin nan zan zo in ga wurin da idona."

Ta sa rana. Da ya biya gaida Yaya sai ya ambata mata, kamar yadda ake ambatar zuwan mai gyaran famfo.

"Malamata za ta zo unguwar nan Asabar ta sama."

Yaya ta ɗauke ƙafa daga keke. "Nan? Ta zo yin me?"

"Ta duba bangwayen."

"Ta ga me a jikinsu?"

"Ta ga aikina mana, Yaya. Abin da ta gani da shi za ta san ko na cancanci takardar."

Yaya ta waiga ta dubi bangon ɗakinta. Gidanta yana cikin waɗanda bai yi wa daɓe ba, don kada a ce ya yi son kai, saboda haka tsagarta ta fi ta kowa muni, ta tashi daga ƙasa ta wuce tsayin mutum, har yatsa yana shiga. Ta daɗe tana kallonta. Shi bai lura ba, ya sunkuya yana ɗaure takalmi.

A makon ofis ya tura shi wani gari duba wasu gine-gine. Bai dawo ba sai safiyar Asabar ɗin, daga tasha kuma jami'a ya zarce, ya shiga motar Farfesa suka kamo hanya. Tun a mota yake tsara mata gidan da za su fara shiga da wanda zai biyo baya, har ta ce masa ashe yana da baki.

Direba na karya kwanar layinsu warin sabon fenti ya tare su. Ya leƙa ta taga bai gane abin da yake gani ba. An share layin tas. Bangon gidan farko sumul yake, an shafe shi da fenti ruwan madara, na biyu haka, na uku haka. Ya fito daga motar tun ba ta gama tsayawa ba, ya je ya tsaya inda ya saba tsayawa duk mako. Ba tsaga. Maɓallan suna nan, biyu-biyu, suna sheƙi, a jere a kan layi ɗaya kamar an ɗinka su a gaban riga.

Mutanen layin duk sun fito cikin kayansu masu kyau. Yaya ce a gaba, ta ƙaraso ta kama hannun Farfesa da hannu biyu.

"Sannu da zuwa, Malama, sannu da hanya. Ga aikin ɗalibinki nan. Shekara da shekaru yana fama da bangwayen nan, ko hutun ƙarshen mako ba ya yi. To kin ga, duk sun warke."

Sannan ta matso kusa da shi ta yi ƙasa da murya. "Auta, kama bakinka, ba sai ta san da hannunmu a ciki ba. Ina hankalinka yake? Mace babba ta taso takanas, ta zo ta tarar da bango baki buɗe? Ai sai ta ce ba abin da ka iya. Da raina ba za a kayar min da kai ba."

Magini ya ja shi gefe, bakinsa har kunne. "Maɓallan nan ko ɗaya bai ɓata ba, ƙirga ka gani. Yayarka ce ta jiƙa su a kananzir ta kankare tsohon gam ɗin da hannunta. Ni na mayar da su, da igiya da ma'aunin ruwa. Naka fa duk a karkace suke, wani kusa wani nesa, kamar haƙoran tsoho. Yanzu tazara ɗaya ce daga nan har layin baya. Tsagar kuma ba shafa na yi ba, faɗaɗa ta na yi na ɗura mata siminti mai ƙarfi har ciki. Kowa ya kawo abin da ya samu, ni aikin hannuna kyauta ne. Ai ba mu da wani Likitan sai kai."

Ya dafa bangon, fentin bai ma gama bushewa ba. Ihu yake so ya yi, ya rasa wanda zai yi wa. Ya dubi fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya ko zai sami mai mugunta ko da guda ne, ya sauke masa abin da ke ƙirjinsa. Babu. Tsohuwar nan mai tsintsiya har ɗaga masa hannu take yi. Da ɓarawo ne ya shigo ya ɓamɓare maɓallan da ya fi masa sauƙi, domin ɓarawo ana iya zaginsa.

Farfesa ba yarinya ba ce, kallo ɗaya ta yi ta gane karatun. Ta bi layin da sandarta a hankali, ta shafa bango nan, ta shafa can, ta sa farce ta taɓa wani maɓalli. Ya tsaya yana jiran harshen nan nata da ake tsoro. Sai ta juya ga Yaya.

"Ke kika riƙe shi?"

"Ni ce, Malama, tun yana wannan tsayin."

"Kin yi riƙo. Allah ya saka miki da alheri."

Ta shiga gidan Yaya ta zauna a kujerar da aka shimfiɗa wa sabon mayafi, ta sha shayinta har ƙarshe, ta yaba ɗinkin labule. Wannan sanyin nata ya fi zagi tsorata shi, domin ya san ba a lallaɓa mai rai haka.

Sai da mota ta fita daga unguwar ya iya buɗe baki.

"Ranki ya daɗe, in aka kankare filastar da suka shafa fa?"

"Ka san inda kowane maɓalli yake a da, daidai kaurin gashi?"

"A'a."

"Ko ka sani ma, bangon da aka ɗura wa siminti a ciki ba shi ne bangon da ka fara aunawa ba."

"To abin da na riga na tara?"

"Rabin gada ne. Kai injiniya ne, gaya min wa ke hawa rabin gada."

Suka yi tafiya mai nisa. Can ta tambaye shi, ba tare da ta dube shi ba, "Ka taɓa zama ka gaya musu abin da kake aunawa?" Ya sunkuyar da kai. Ta yi ajiyar zuciya. "Ni ma ban taɓa tambayarka ba. Shekaruna a wannan aiki ina tsoron ruwa, ina tsoron zafi, ina tsoron gam. Ban taɓa tunanin in ji tsoron masoya ba."

Ta yi iya yinta, wannan kam ba mai musu. A zaman kwamiti an ji ƙarar sandarta a kan teburi daga waje, inda yake zaune a benci yana jira. Ta ce a ƙara masa rani biyu ya sake daga farko a wata unguwar. Wani daga cikinsu da ya ji yadda abin ya faru dariya ta kuɓuce masa, ya kuma ji kunyar kansa ya nemi afuwa. Duk sun tausaya, amma tausayi bai sauya ƙa'ida ba: an riga an ba shi ƙarin da doka ta yarda, ita kuma mai tsaya masan a ƙarshen zangon nan za ta ajiye aiki. Shugaban sashen da kansa ya fito ya zauna kusa da shi a bencin, ya ce ƙofa a buɗe take, yana iya sake nema sabo fil in ya sami malamin da zai ɗauke shi. Ya tambaya ko akwai wani masanin ƙasa da zai maye gurbinta. Shugaban ya ce ana dai nema.

Haka sunansa ya fita. Ya koma teburinsa na kusa da taga, matasan ofis suka ci gaba da karɓar jakarsa a matakala. A gida waƙar banɗaki ta mutu. Abin da ya fi ba matarsa tsoro shi ne ya daina kallon bango, in yana tafiya ƙasa yake kallo.

"Ka je ka faɗa wa Yaya," ta ce masa. "Wannan abin da ka haɗiye zai kashe ka. Ita ma ya kamata ta san abin da ta yi."

Ya je, da niyyar faɗa. Ya tarar da Yaya tana cusa zare a allura da ƙyar, ta miƙo masa yatsunta tana dariya. "Dubi yadda kananzir ɗin nan ya sa fatata ta yi ta saɓulewa. Ba komai, tunda Malama ta yaba. Ka ga yadda ta shanye shayin nan kuwa? Yaushe za su ba da takardar?"

Ya buɗe baki, ya dubi yatsun, ya rufe. "Ana nan ana dubawa, Yaya. Abin nasu da jinkiri."

Da ya dawo matarsa ta karanta a fuskarsa. Ranta ya ɓaci ƙwarai, ta ce to sai yaushe. Ya ce mata, "In na faɗa, me zai dawo? Takardar ta riga ta tafi. Abin da ya rage wa Yaya shi ne tunanin cewa ta taimake ni. Shi ma in karɓe?" Matar ta shiga kicin ta huce a kan tukwane. A layin kuwa darajarsa ƙaruwa ta yi. Labari ya bazu cewa Farfesa ta ce ba ta taɓa ganin aiki irin nasa ba, masu zaman bakin layi suka koma miƙewa in zai wuce. Kowace gaisuwa sai ya amsa ta, kuma kowacce da ɗacinta.

Damina ta zo ta wuce. Da zafi ya sake kankama, wata ranar aiki da yamma Yaya ta kira shi a waya, muryarta a ƙasa, ta ce ya zo yanzu kuma kada ya biya ta bakin layi. Ya iso a rikice yana zaton jikinta ne. Ta ja shi ɗaki ta tura ƙofa, ƙofar ta ƙi, ta sa mata kafaɗa. Sannan ta nuna masa bango. Wani siririn layi ya keto sabon fentin daga ƙasa, ya bi ta tsakanin maɓallan nan biyu ya yi sama.

"Auta, ta dawo," ta ce, idonta ya ciko. "Tun shekaranjiya na gani, ban gaya wa kowa ba sai Magini. Ina jin shi ya sa suka riƙe maka takardar, wani ya kai musu gulma. Kada ka damu, gobe da safe zai zo ya rufe kafin labari ya kai kunnen malamarka. Ko sau nawa ta dawo za mu rufe ta, har sai sun ba ka."

Ya tsaya yana kallon layin. Ya san inda zai bi, ya san faɗin da zai kai nan da ƙarshen zafi, ya san dalili, kuma ba wanda zai kai wa wannan sanin. Yaya ta riƙe hannun rigarsa tana jiran ya ce wani abu.

"To, Yaya," ya ce. "Ya zo ɗin."

Washegari bai je ofis da wuri ba. Shi ya ɗebo wa Magini ruwan kwaɓa siminti.